Na Cije Har Muƙamuƙina Ya Gaji

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma maganar da na fi ji tun ina ƙarama ita ce "ki cije". In na faɗi na ƙuje gwiwa, Inna za ta ce ki cije, ƙannenki na kallonki. In mai kitso ta ja mini gashi har hawaye ya zubo, ki cije. Daren da za a kai ni gidan miji, gwaggona ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "'Yar nan, aure ɗan haƙuri ne, ko me kika gani ki cije." Na ɗauki maganar da hannu biyu. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana likita zai danna kumatuna da yatsa, ya nuna mini inda wannan cijewar ta taru ta yi gida ba.

Malamar makaranta ce ni, lissafi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Kano. A 2019 maigidana ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Shekara biyu muka yi muna jinya. Ni ce ɗagawa, ni ce kwantarwa, ni ce wanka, da safe kuma in saka hijabi in tafi aji kamar ba abin da ya faru. Shago ya tsaya, bashi ya taru, yara huɗu na makaranta. Duk wanda ya zo dubiya ya tambaye ni ya ƙoƙari, sai in ce alhamdulillahi. A 2021 Allah Ya karɓi abinsa.

Cikin takaba ciwon ya fito fili. Da can ma nakan tashi da ɗan nauyin kai, ina ɗauka rashin barci ne. Amma a waɗannan wata huɗu da kwana goman, sai in farka da asuba in ji fuskata ta gaji, kamar na kwana ina taunar ganda. Gefen goshina biyu na sara. Kunnena na dama na ciwo can ciki. In na yi hamma sai in ji ƙas a gaban kunne, wani lokaci bakin ya ɗan maƙale kafin ya rufu. Babbar 'yata, wadda ta dawo kwana a ɗakina bayan rasuwar, ta ce mini wata safiya, "Umma, haƙoranki suna ƙara cikin dare, kamar ana niƙa a dutse." Na ce mata mafarki ta yi.

Kuskurena na farko shi ne na yanke wa kaina hukunci cewa ciwon haƙori ne, domin a turmin ƙasa na dama nake jin sukar. Wata maƙwabciya ta kai ni wani ɗan shago inda ake cire haƙori a kan kuɗi kaɗan. Mutumin ya leƙa da fitilar waya, ya ce tsutsa ce, ya cire. Da ramin ya warke ciwo na nan inda yake. Na koma, ya ce ai na kusa da shi ne ya kamu, shi ma ya cire. Turame biyu lafiyayyu na bari a wannan shagon, kuma har yau in harshena ya taɓa gurbinsu sai na ji haushin kaina.

Daga nan sai likitan kunne, wanda ya duba ya ce kunnena ƙalau yake. Sai kuma shawarwarin jama'a, waɗanda ba sa ƙarewa. Na tauna kanumfari, na shafa man zaitun da na habbatussauda, an yi mini ƙaho a ƙeya, na yi hayaƙi. Wata 'yar'uwa ta rantse cewa sammu ne, wata ta ce iska ce ta shafe ni a takaba. Ban raina kowa ba, duk cikin ƙauna suka faɗa. Abin da ya fi yi mini illa ma ba daga wurinsu ya zo ba, daga kemis ne. Kullum ina haɗiyar ibuprofen ko diclofenac, sau da yawa ba komai a cikina, har na wayi gari da gyambon ciki. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago.

A aji abin ya fi ba ni tsoro. Darasin minti arba'in sai ya zame mini aiki, domin kafin in kai rabi muƙamuƙina ya yi nauyi, magana na fita da ƙyar. Na koma cika allo da rubutu ina rage bayani, ni da aka sani da surutu. Karatun Alƙur'ani da nake yi a bayyane bayan asuba na mai da shi a zuci. Abincina ya koma koko da kunu da fate. Yara suna cin rake a tsakar gida, ni ko kallonsu ba na son yi. Na zama mai saurin faɗa, abu kaɗan in daka wa yaro tsawa, in koma ɗaki in yi kuka ba sauti.

A 2022 wata abokiyar aikina ta matsa mini na je sashen haƙori da muƙamuƙi na wani asibitin koyarwa. Likitan da ya gan ni bai yi gaggawa ba. Ya duba haƙorana ya ce kansu ya side kamar an goge da dutse. Ya nuna mini a madubi yadda gefen harshena ya ɗauki shatin haƙora, da wani farin layi a cikin kumatuna. Ya sa ɗan ma'auni ya ce in buɗe baki iya ƙarfina: milimita 26. Ya ce mai lafiya yakan kai 40 ko fiye, wato kamar yatsu uku a jere, ni kuwa biyu ma da ƙyar suke shiga. Sannan ya sa yatsa a kumatuna, a ƙasan ƙashin kunci, ya danna. Na zabura har na riƙe masa hannu ban sani ba. Zafin ya harba cikin kunnena, ya kuma sauka daidai gurbin haƙoran da aka cire.

"Malama, ga ciwonki nan," in ji shi. "Ba haƙori ba ne, ba kunne ba ne. Tsokar tauna ce."

Ya yi mini bayani da zane a takarda. Akwai tsoka mai kauri a kowane kunci da ke jawo muƙamuƙin ƙasa zuwa sama, akwai wata shimfiɗaɗɗiya kamar mafici a gefen kai, ita ma aikinta ke nan. Jijiya ɗaya ce ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon haƙora da na waɗannan tsokoki da na yankin kunne, shi ya sa ciwon wuri ɗaya kan bayyana a wani wurin. Ya ce haƙoran sama da na ƙasa ba su da dalilin haɗuwa sai lokacin tauna ko haɗiya, sauran lokaci akwai 'yar tazara a tsakaninsu. Sai ya tambaye ni, "Yanzu da muke magana, naki a haɗe suke ko a rabe?" Na lura, a datse suke gam. Ashe haka nake yini, haka nake kwana.

Ya ajiye biro ya ce, "Me ke damunki a gida?" Na ce babu komai, alhamdulillahi. Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba.

Ba da allura muka fara ba, kuma ina so wanda ke karanta wannan ya riƙe hakan. An auna bakina aka yi mini roba mai tauri da nake sawa a haƙora in zan kwanta. An ce in riƙa gasa kumatu da tsumma mai ɗumi safe da dare, in bar cingam da aya da goro da duk wani abu mai tauri, in daina maƙale waya tsakanin kafaɗa da kunne. An tura ni wurin masu gashin ƙashi suka koya mini motsa baki a hankali. An ba ni wani magani, amitriptyline, ɗan kaɗan da dare. Na ji sauƙi, ba zan yi butulci ba, bakin ya ƙara buɗewa, ƙarar nan ta ƙas ta ragu. Amma bayan wata takwas ciwon safiya na nan, robar kuma na tauna ta har ta huje a wuri biyu.

Ranar da likitan ya juya robar a hannunsa ya ga hujin, ya ce akwai abin da za mu iya gwadawa, allurar Botox. Na ce, "Likita, wadda mata ke yi don goge tamojin fuska?" Ya yi dariya ya ce ita ce, amma aikinta na asali sassauta tsoka ne. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Clostridium botulinum ke fitar da guba, a tace ta, a ɗebi ɗan mitsitsi a tsira a tsokar da ta ƙi hutawa. Jijiya kan saki wani sinadari, asetilkolin, wanda ke umartar tsoka ta ɗame. Gubar na hana sakinsa, sai tsokar ta yi laushi na wata uku zuwa huɗu, kafin jijiyar ta farfaɗo.

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta sa ciwon muƙamuƙi cikin cututtukan da ta amince a yi wa wannan allura ba, likitoci ne ke amfani da ita bisa nazarinsu. Binciken da aka yi bai tsaya a magana ɗaya ba, wasu sun samu sauƙi sosai, wasu ba su ga bambanci ba. Ba ta gyara gaɓar da ta lalace, tsoka kawai take taɓawa. Akwai kuma fargabar cewa yawan maimaita ta na iya rage ƙwarin ƙashin muƙamuƙi, tunda ƙashi na samun ƙarfi ne daga jan da tsoka ke masa. Ya tambaye ni ko ina shayarwa, ko ina da wata cutar raunin tsoka, domin masu ciki da masu shayarwa da masu irin wannan cuta ba a yi musu. Ya ce in je in yi tunani.

Kalmar guba ce ta hana ni barci. Na kwana ina karatu a waya. Nan na ga cewa sunan ma daga Latin ya fito, daga kalmar da ke nufin naman da Turawa ke cusawa a hanji, domin a jikin waɗanda suka ci irin wannan naman da ya ɓaci aka fara gane cutar. Wani likitan Jamus, Justinus Kerner, shi ya yi bayaninta tun wajen 1820. Likitan ido ne a Amurka, Alan Scott, ya fara tsira ta a jikin mutane don gyara idon da ya karkace, aka amince da ita a 1989. Amincewar kwalliya sai 2002, ta ciwon ɓarin kai mai naci sai 2010. Sanin cewa a ɗakin likitan ido ta fara, ba a shagon kwalliya ba, ya ɗan kwantar mini da hankali.

Saura biyu: addini da bakin mutane. Na aika ƙanena ya tambayi malamin unguwarmu ko wannan bai shiga canja halittar Allah ba. Malam ya ce a gaya mini neman magani daban, neman ƙarin kyau daban, in je in yi, Allah Ya sa a dace. Bakin mutane kuwa ba shi da malami. Na san in aka ji bazawara ta je an yi mata allurar fuska, an gama yanke hukunci, miji take nema. Don haka ban ƙara gaya wa kowa ba sai Inna da babbar 'yata. Kuɗin ya haura albashina na wata biyu. Na sayar da 'yan kunnen zinaren da maigidana ya sayo mini daga Makka. Na daɗe a tsaye a gaban mai awo kafin in miƙa.

A farkon Yunin 2023 aka yi mini ta farko. Na roƙa a sa ni bayan azahar, domin an ce in zauna a miƙe na awa huɗu, kada in kwanta, kada in murza wurin, ni kuma ina tunanin sujada. La'asar ɗin ranar a zaune na yi ta. Likitan ya nuna mini kwalbar da kwanan watanta kafin ya haɗa. Ya ce in cije, tsokar ta kumburo, ya ɗiga alamu da alƙalami. Tsira uku a kowane kunci, biyu a kowane gefen kai. Yunit 25, wato ma'aunin maganin, a kowace tsokar kunci, 10 a kowace ta gefen kai. Allurar siririya ce, cizon cinnaka ya fi ta zafi. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba. Na hau a-daidaita-sahu ina tunanin 'yan kunnena sun tafi a banza.

Kwana huɗu ba abin da ya canja. A na shida na farka, na yi alwala, na yi sallah, ina ninke darduma sai na ji kamar na manta wani abu. Na tsaya ina laluben ko mene ne. Kaina ne ba ya ciwo. Na zauna a bakin gado na yi hamma mai tsawo, irin wadda na shekara biyu ina tare ta da hannu. Da aka yi sati biyu, 'yata ta ce niƙan dare ya koma ɗan ƙus-ƙus.

Sai Babbar Sallah ta zo a ƙarshen watan. Aka kawo mana soyayyen nama daga gidajen 'yan'uwa, na ɗauki tsoka ɗaya da murna, na tauna sau biyar, muƙamuƙin ya ce bai san zance ba. Ba ciwo, ƙarfin ne babu, kamar hannun da aka kwana a kansa. Na tofar a ɓoye, na koma kan romo. Bayan wata biyu kuma kumatuna suka faɗa, tunda tsokar da ba ta aiki ramewa take. A gidan suna mata suka yi ta ce mini, "Wance, kin rame, ki rage tunani." Na ce to.

Cikin wata na huɗu nauyin ya fara dawowa, kaɗan-kaɗan, kamar baƙon da ya san hanyar gida. Duk da an faɗa mini haka za a yi, gwiwata ta yi sanyi. Lokacin an cire tallafin mai, naira ta faɗi, maganin kuwa daga waje ake kawo shi, kuɗinsa ya tashi. Wata mai gyaran amare ta ce za ta haɗa ni da mai yi a gida a kan rabin kuɗin. Na faɗa wa likita, fuskarsa ta canja. Ya ce maganin a firji yake zama, da irin wutarmu wa ya san inda kwalbar ta kwana, wa ya san ma me ke ciki. Kuma kusa da tsokar tauna akwai ƙananan tsokokin murmushi, sai wanda ya san fuska ciki da waje. Daga baya, a 2024, na ji labarin yadda jabun wannan allura ya kwantar da mata a asibiti a Amurka ma. Na ɗauki adashi na koma wurinsa.

Ko a hannunsa, ta biyun ba ta tafi sumul ba. Maganin ya ɗan malala gaba a ɓangaren hagu, in na yi murmushi gefe ɗaya ya tashi ɗaya ya tsaya. Ɗalibaina suka fara raɗe-raɗi, Inna ta tsorata ta zaci irin ciwon maigidana ne. Sati shida na yi ina rufe baki da gefen hijabi kafin ya daidaita. Likitan ya ba ni haƙuri, ya ce yana faruwa. Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba.

A ranar da na je ya duba murmushin ne ya sake yi mini tambayar nan ta shekarar da ta wuce. Ya ce, "Malama, allurar nan aron lokaci take ba ki. Ni na sassauta tsoka, amma abin da ke sa ki datse haƙora ba ya cikin kumatu. Me ke damunki a gida?" Na buɗe baki in ce alhamdulillahi, sai kuka ya ƙwace mini a gaban mutumin da ba ɗan'uwana ba. Ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini ruwa. Na faɗi bashin da maigidana ya bari, wanda nake biya a ɓoye daga albashina don kada a ce ya mutu da hakkin mutane. Na faɗi yadda ban yi kukan mutuwarsa yadda ya kamata ba, saboda yara na kallona.

Ya tura ni wurin wata likitar da ke sauraron masu damuwa. Da farko na ƙi, na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Na je daga baya, sau shida. Ita ta sa na manna ƙananan takardu a jikin allo da murfin tukunya da bayan waya, duk sanda idona ya faɗa kan ɗaya in duba bakina: leɓe a rufe, haƙora a rabe, harshe a dasashin sama. A satin farko na kama kaina a cije fiye da yadda zan iya ƙirgawa, musamman in ina duba takardun jarrabawa ko in waya ta yi ƙara da lambar mai bin bashi.

Abin da ya fi allura wuya shi ne zuwa gidan yayan maigidana. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye littafin bashin a gabansa, na ce, "Yaya, na kasa." Ya buɗe yana dubawa, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce, "Shekara biyu kina ɗauke da wannan, mu muna nan? Me kika mai da mu?" Faɗa ya yi mini sosai. Cikin wata uku shi da ƙannensa suka raba abin da ya rage a tsakaninsu. Da na ba Inna labari ta yi shiru, can ta ce, "Ni ma haka aka koya mini." Ba mu ƙara tayar da zancen ba.

An yi mini ta uku a 2024, da yunit ƙasa da na baya, daga nan muka tsaya. Ban warke sarai ba. Lokacin jarrabawa, ko in yaro ya kwanta rashin lafiya, nakan tashi da nauyin kunci, in gasa da ruwan ɗumi, in koma kan fate kwana biyu. Har yanzu da roba nake kwana, wannan ce ta uku, ta shekara ba ta huje ba. Bakina na buɗuwa milimita 39. In ciwon ya dawo da ƙarfinsa na da, zan koma a sake tsira mini, ba na jin kunyar faɗa yanzu. Wata malama a makarantarmu da ke shirin zuwa a cire mata haƙori, na sa ta fara zuwa a danna mata kumatu, nata ya zama na haƙorin ne da gaske, aka yi mata ciko.

Rake dai na haƙura da shi. Kilishi kuwa autana ke yayyanka mini da almakashi ƙanana-ƙanana, ya jera a faranti. Rannan ya faɗo daga keke ya ɓare gwiwa, ya shigo yana ɗingishi, ya datse baki yana kallona, idonsa cike da ruwa. Maganar ta zo mini har kan harshe. Na ɗauko auduga da ruwan gishiri, na zaunar da shi a cinyata, na ce, "Da zafi ko?" Ya gyaɗa kai, ya fashe da kuka, na bar shi ya yi har ya gaji.